Laushi a kanti, ƙandarewa a gida: Yadda ake gane tawul mai nagarta

A Kasuwar Wuse da ke Abuja ko a Kantin Kwari na Kano, cinikin tawul bai cika ɗaukar lokaci ba. Mai saye kan shafa shi da tafin hannu, ya ji laushi, ya dubi launi, ya taya, a sallama masa. Sai bayan wanki biyu ko uku gaskiyar kayan take bayyana: laushin ya gudu, launin ya zuba a cikin ruwa, gefe ya fara warwarewa, kuma maimakon ya tsane jiki, sai ya riƙa yawo da ruwa a kan fata kamar leda.

Asarar ba ta tsaya ga kuɗi kaɗai ba. Tawul na daga cikin kayan da suka fi kusanci da jikin ɗan Adam. Shi ke taɓa fuska da ido da fatar jariri sabuwar haihuwa, shi ne kuma ke kwana da danshi a bayan ƙofar banɗaki. Duk da haka, sau da yawa iyali kan ɓata mako guda suna zaɓen labule ko kafet, amma su sayi tawul a tsaye cikin minti biyu. Ga shi kuma yana cikin kayan ɗakin amarya, da kayan haihuwa, da jerin kayan da makarantun kwana ke buƙata, har ma da haramin da maniyyata da dama ke ɗaurawa, wanda ake saƙa shi irin saƙar tawul.

Sirrin yana cikin gashin

Abin da ya bambanta tawul da sauran yadi shi ne gashinsa. Idan aka duba da kyau, za a ga cewa gashin nan ƙananan zobba ne na zare da aka bari suka taso sama da ƙasa yayin saƙa. Kowane zobe yana ƙara faɗin wurin da ruwa zai iya maƙalewa, shi ya sa tawul ke shan ruwan da zane mai girmansa ba zai iya sha ba.

Ana danganta asalin wannan saƙa da ƙasar Turkiyya, musamman birnin Bursa, inda al'adar gidajen wanka ta daɗe da kafuwa. A tsakiyar ƙarni na 19 ne wani Bature ɗan Ingila, Henry Christy, ya ga irin wannan yadi a Istanbul ya kai samfurinsa gida, kamfanin danginsa kuma ya samar da hanyar saƙa shi da inji, aka nuna shi a babban baje-kolin Landan na shekarar 1851. A yau birnin Denizli na Turkiyya da masaƙun Indiya da Pakistan da China ne ke kan gaba wajen samar da shi. Daga irin waɗannan ƙasashe mafi yawan tawul ɗin da ke kasuwannin Najeriya ke shigowa, tun bayan durƙushewar akasarin masaƙun Kaduna da Kano.

Wannan bayani na da amfani ga mai saye, domin akwai tawul ɗin da ake aske wa gashin fuska ɗaya don ya yi sheƙi kamar karan-miski, a kuma buga masa hoton furanni ko tambarin ƙungiyar ƙwallo. Irinsa yana da kyan gani, amma fuskar da aka aske ba ta shan ruwa kamar mai zobba. Don haka, wanda ke neman abin goge jiki bayan wanka ya nemi mai cikakken gashi ciki da waje.

Auduga ce ko roba?

Tambaya ta farko ita ce da me aka yi shi. Auduga na jawo ruwa ta riƙe shi a cikinta, yayin da zaren roba irin foliyesta ba ya shan ruwa sai kaɗan. Saboda roba ta fi araha, wasu masana'antu kan gauraya su, kuma ba kullum takardar da ke jikin tawul ke faɗin gaskiya ba.

Ita kanta audugar hawa-hawa ce. Wadda silinta ya fi tsawo tana ba da zare mai santsi da ƙarfi, wanda ba ya yawan zubar da burbushi. A nan ne audugar Masar da audugar Pima ta Amurka da wadda ake nomawa a yammacin Turkiyya suka yi suna. Haka kuma, idan an rubuta cewa an taje audugar, ana nufin an cire gajerun silin kafin a kaɗa zaren, abin da ke ƙara masa ƙarko.

Sai dai suna kaɗai ba hujja ba ne. A shekarar 2016 kamfanin Target na Amurka ya yanke hulɗa da Welspun, ɗaya daga cikin manyan masaƙun Indiya, bayan ya gano cewa wasu zannuwan gado da aka sayar da sunan audugar Masar ba da ita aka saƙa su ba. Idan hakan ta iya faruwa a manyan kantunan Amurka, mai saye a Utako ko Sabon Gari na da dalilin yin taka-tsantsan da kowane tawul mai arha da aka liƙa wa sunan Masar.

Akwai gwaji mai sauƙi da matan gida da teloli suka daɗe da sani. A ciro ɗan zaren da ya yi saura a gefe, a kusantar da shi ga ashana. Auduga na ci da wuta kamar takarda, warinta ma irin na takarda ne, tokarta kuma tana murƙushewa a yatsa. Roba kuwa narkewa take yi, ta dunƙule ta zama ɗan ƙwallo mai tauri.

Wannan ba ya nufin duk tawul ɗin roba bai da amfani. Irin wanda ake kira maikirofaiba, da ake yi da siraran zaren roba ƙwarai, yana ɗaukar ruwa a tsakanin silinsa, yana da sauƙin ɗauka, yana kuma saurin bushewa, don haka ya dace da matafiyi. Matsalar ita ce a sayar wa mutum gauraye a kan farashin zallar auduga.

Lambar GSM da ba ta waya ba

A jikin takardar wasu tawul akan ga haruffan GSM tare da wata lamba. Ba ta da alaƙa da wayar salula. Tana nuna nauyin yadin ne, wato giram nawa ke cikin kowace murabba'in mita ɗaya. Tawul mai lamba 300 zuwa 400 shara-shara ne, mai 400 zuwa 600 matsakaici, mai 600 zuwa 900 kuma shi ne mai kauri irin na manyan otal-otal.

Ko da babu wannan lamba, ana iya gano ta. Tawul ɗin wanka na yau da kullum tsawonsa santimita 140 ne, faɗinsa 70, wato kusan murabba'in mita ɗaya ke nan. Saboda haka, idan aka ɗora shi a kan sikeli, nauyinsa a giram shi ne kusan lambarsa. Wanda aka ce 500 ne ya kamata ya kai kusan rabin kilo. Idan ya tsaya a giram 300, to an yi wa mai saye ƙarin gishiri.

Amma kauri ba shi ne nagarta a kowane hali ba, kuma a nan ne yanayin wuri ke shigowa. A Abuja, daga watan Yuni zuwa Satumba, lokacin da damina ta kankama, iska kan cika da danshi, rana kuma ta kan ɓuya kwana da kwanaki. Tawul mai kauri sosai da aka rataye a banɗakin da ba shi da babbar taga zai iya kwana bai bushe ba, ya kama wari, har ya yi hunhuna. Ga kuma wahalar wanke shi da matse shi da hannu a gidan da ake sayen ruwa a wurin 'yan garuwa. Ga yawancin gidaje, matsakaicin tawul ya fi dacewa: yana tsane jiki, kuma yana bushewa kafin wankan gaba. A lokacin hunturu kuwa, ko a garuruwan arewa mai nisa inda iska ke da bushewa, mai kauri ba ya ba da wannan matsala.

Laushin da ke yaudara

Babban abin da ke ruɗar masu saye shi ne laushi. Masana'antu kan shafa wa sabon tawul sinadarin laushi, galibi na silikon, domin ya yi daɗin taɓawa a kanti. Wannan shafi yana fita a wanki, sannan ainihin zaren ya bayyana. Saboda haka laushin ranar farko kyan ɗan maciji ne, ba a dogara da shi.

Abin da ya fi tabbas shi ne a buɗe tawul ɗin gaba ɗaya a ɗaga shi ta fuskar haske. Idan haske na ratsowa ta ko'ina, saƙar ba ta cika ba. A raba gashin da yatsa: idan ƙasan saƙar ya bayyana nan da nan, gashin ya yi ƙaranci. A ɗan ja zobe ɗaya a hankali a ga ko zai zaro. A shafa shi a kan baƙin yadi a ga yawan burbushin da zai bari.

Daga nan sai a koma ga kalmasa, domin tawul daga gefe yake fara mutuwa. Kalmasar da aka naɗe da kyau aka bi ta da ɗinki layi biyu, mai ƙananan taku, ta fi jure wanki a kan wadda aka yi wa ɗinki ɗaya mai faɗin taku. Ita ma ɗamarar ado da ake saƙawa kusa da baki tana da nata aibin: a tawul mara inganci ta kan tsuke bayan wanki, ta tattare shi ya koma kamar mai ƙugu.

Batun launi kuwa, a jiƙa farin hankici a goga a gefensa. Idan ya ɗauko launi, haka zai yi wa sauran kayan wanki. Otal-otal na fifita fari ne saboda yana jure ruwan zafi da bilic, kuma datti ba ya ɓuya a jikinsa.

Kowa da nasa

Ko tawul ya kai ina a tsada, idan gida guda na amfani da shi, ya zama hanyar yaɗa cuta. Ciwon idon nan da ake kira Afolo, wanda ya samo sunansa daga ɓarkewar da ya yi a Ghana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a duniyar wata, yana saurin bin tawul da hankici daga mutum zuwa mutum. Haka amosanin ido, wanda ke iya kai wa ga makanta idan ya yi ta maimaituwa, yana yaɗuwa ta hannu da ƙuda da kuma ƙyallen goge fuska da yara ke rabawa. Ƙazuwa da makero su ma suna bin wannan hanya, abin da ya sa suke saurin zagaye ɗakunan kwanan ɗalibai.

Da wannan lissafi, matsakaitan tawul huɗu masu launi daban-daban, kowane yaro da nasa, sun fi wa iyali amfani a kan ƙato guda ɗaya mai tsada. Jariri kuwa ya kamata a ware masa nasa na zallar auduga, mai sauƙin launi, a kuma wanke shi kafin ya taɓa jikinsa.

Shi ma tawul ɗin gwanjo, wanda mutane da yawa ke nema saboda akan dace da mai kauri a farashi mai sauƙi, yana buƙatar wanki da ruwan zafi kafin amfani. Zafin da ya wuce digiri 50 a ma'aunin Salsiyos na tsawon minti goma yana kashe ƙwayar ƙazuwa da ƙwayayenta. A kuma duba tsakiyarsa, domin nan ne gashi ke fara cinyewa.

Kulawa rabin ƙarko ce

Yawancin tawul ɗin da suka ƙandare, wanki ne ya ƙandarar da su. Sabulun gari idan ya yi yawa ba ya fita duka a ɗauraya, sai ya daskare a cikin gashin, musamman inda ruwan rijiyar burtsatse ke da yawan sinadaran ƙasa. Ruwan laushin tufafi mai ƙamshi kuwa, duk da sunansa, yana lulluɓe zaren da wani maiƙo da ke rage shan ruwa. Sabulu kaɗan, ɗauraya mai yawa, da ɗan ruwan khal a ɗaurayar ƙarshe lokaci-lokaci sun wadatar.

Likitocin fata kan ba da shawarar wanke tawul bayan an yi amfani da shi sau uku ko huɗu. Tsakanin wanka da wanka, a baza shi a kan igiya ko sanda, kada a dunƙule shi a kan ƙusa. A shanya shi a rana, a sama, ba a kan ƙasa ko ciyawa ba, domin akwai wani nau'in ƙuda a yankunan da ke da danshi da ke zuba ƙwai a jikin jiƙaƙƙun tufafi, tsutsarsa kuma ta shiga fata ta zama kamar maruru. A kakkaɓe shi da ƙarfi kafin shanya da bayan ya bushe, hakan na tayar da gashin ya dawo da laushinsa.

Tawul kan sanar da ƙarshen aikinsa da kansa: idan ya daina shan ruwa, ko warinsa ya ƙi fita bayan wanki da rana, lokaci ya yi da zai koma tsumman goge daɓe.

Hausawa na cewa araha ba ta ado, amma a harkar tawul ita ma tsada ba ta zama shaida. Uwar da ke haɗa wa 'yarta kayan ɗaki, ko uban da ke cika akwatin ɗansa mai komawa makaranta, ba sa buƙatar sanin sunan kamfani. Abin da suke buƙata shi ne minti biyar a gaban mai kanti: su warware tawul ɗin, su ɗaga shi a haske, su auna nauyinsa a hannu, su bi kalmasar da yatsa, sannan su tambayi farashi.