Wasannin da suka dace da masu shanyewar jiki a Maiduguri

A Jihar Borno aka samu yaran ƙarshe a Najeriya da ainihin ƙwayar cutar shan-inna ta kama, a shekarar 2016, a ƙananan hukumomin Jere da Gwoza da Monguno. A ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da wannan nau'i na ƙwayar. Sai dai masu zama a keken guragu ba su ƙare a Maiduguri ba. Harsashi da bama-bamai na rikicin da ya ɓarke a 2009, da haɗurran mota da faɗowa daga gini ko bishiya, sun bar mutane da rauni a laka, jijiyar da ke cikin ƙashin baya. A ido, wanda shan-inna ta shanye wa ƙafafu da mai raunin laka kamar ɗaya suke. A filin wasa kuwa buƙatunsu sun sha bamban.

Wasan da aka fi sani a Arewa shi ne ƙwallon guragu, wanda Misbahu Lawan Didi, ɗan Kano, ya ƙirƙiro a 1988. 'Yan wasa kan zauna a kan katako mai ƙananan tayoyi, su tura kansu da hannu, su buga ƙwallo da hannu. Wasa ne na gida mai araha, ya kuma fito da martabar waɗanda a da ba a san su da komai ba sai bara. Amma an gina shi ne a kan jikin wanda ya yi shan-inna: ƙafafu sun shanye, hannaye da ƙirji na da ƙarfi, fata kuma tana jin zafi da taɓawa, domin cutar jijiyoyin motsi take lalatawa.

Mai raunin laka sau da yawa ba ya jin komai daga wurin raunin zuwa ƙasa. Idan ya zauna a kan busasshen katako yana gurzar siminti, fatarsa na iya sulluɓewa bai sani ba, ta zama gyambon da ke ɗaukar watanni bai warke ba, wani lokaci ma ya kai ga ajali. Idan raunin a wuya yake ko saman baya, jiki kan kasa yin gumi yadda ya kamata. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Irin wannan mutum wasan inuwa yake buƙata, ko na sanyin safiya, a kan kujera mai matashi.

Da irin waɗannan majinyata ma aka fara wasannin nakasassu. A ranar 29 ga Yuli 1948, likita Ludwig Guttmann ya shirya gasar harbin kibiya ga tsofaffin sojoji 16 masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville da ke Ingila. Daga nan gasar Olamfik ta nakasassu ta samo asali.

Cikin wasannin da ba a cika jin sunansu a nan ba, babu wanda ya dace da halin Maiduguri kamar boccia, wanda ya shiga waccan gasa a 1984. Ana yin sa a zaune, a daɓe mai santsi, tsawonsa mita 12.5, faɗinsa mita 6. Ƙwallayen na fata ne, shida ja, shida shuɗi, da fara guda ɗaya. A fara jefa farar, sannan kowane ɓangare ya yi ƙoƙarin ajiye nasa kusa da ita, ko ya ture na abokin hamayya. Mai iya jifa ya jefa da hannu, wani ya tura da ƙafa. Wanda hannayensa ba sa riƙo kuwa yakan yi amfani da wani indararo da ƙwallon ke gangarowa ta ciki, ya sake shi da sandar da aka ɗaura masa a ka ko ya riƙe da baki. Yana da mataimaki mai saita indararon, amma doka ta ce mataimakin ya juya wa fili baya, domin dabarar ta zama ta ɗan wasa shi kaɗai. Ɗakin taro na makaranta ya ishi wannan wasa, kuma garin da ke da dukawa bai kamata ya rasa ƙwallayen atisaye ba.

Akwai kuma jifan kulki, na waɗanda yatsunsu ba sa iya riƙe mashi: kulkin katako ne mai nauyin kusan giram 400, ana jefa shi daga kujerar da aka ɗaure a ƙasa. Ƙwallon tebur ma yana da rukunai biyar na masu keke, kuma a rukuni na huɗu Isau Ogunkunle ya ciyo wa Najeriya tagulla a Paris a 2024. Zari-ruga na masu keke, wanda aka ƙirƙiro a Winnipeg ta Kanada a 1977 domin masu rauni a hannaye da ƙafafu, yana da armashi, sai dai kekunansa na musamman ne masu jure karo, tsadarsu kuma ta fi ƙarfin ƙungiyar unguwa.

Wurin da ya fi dacewa a fara shi ne inda majinyatan suke zuwa. Tun 2020 akwai cibiyar gyaran gaɓoɓi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa da tallafin Kwamitin Red Cross na Ƙasa da Ƙasa. Likitocin gashi su ne suka fi cancanta su tantance abin da ya rage na motsi a jikin mutum, su ce wannan tebur ya dace da shi, wancan boccia.

Sauran aikin na hukuma ne. Dokar hana nuna wariya ga nakasassu, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su samar da hanyar da keke zai iya bi. Wa'adin ya cika a Janairun 2024, kuma filayen wasa da ɗakunan taro na makarantu suna cikin gine-ginen da dokar ta shafa.