Yadda Ake Tsufar da Katako: Kimiyya a Ƙaramar Tashar Jirgin Ƙasa

Garin Kakau, wanda ke kudu da Kogin Kaduna a Ƙaramar Hukumar Chikun, yana da layin dogo iri biyu. Akwai tsohon layi na zamanin Turawa, wanda ya isa Kano a 1911, mai faɗin milimita 1,067 tsakanin ƙarafunsa. Akwai kuma sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, mai faɗin milimita 1,435. Tsofaffin gine-ginen reluwe a ƙasar nan, da rumfuna da shinge da ɗakunan ajiye kaya, suna ta lalacewa, kuma duk wanda ya rushe ba a auna shi ba, ya tafi ke nan da tarihinsa. Hanya ɗaya mai sauƙi ta adana kamanninsu ita ce a ƙera ƙaramin samfurinsu da katako.

Wannan sana'ar hannu ta daɗe a Ingila da Jamus da Amurka, inda manya da yara ke shimfiɗa ƙananan layukan dogo a kan tebur. Ba baƙuwa ba ce ga ɗan Bahaushe, domin yaron da ya taɓa haɗa motar kara ya riga ya san tushenta. Bambancin kawai shi ne awo. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya, wanda ake kira HO, yana rage kowane abu sau 87. Ƙofa mai tsawon mita 2 takan koma milimita 23, falanki mai faɗin santimita 20 ya koma milimita 2.3. A wannan lissafi sabon layin Kakau zai zama milimita 16.5, tsohon kuwa kimanin milimita 12.

Masu wannan aiki a ƙasashen waje kan yi amfani da balsa, wani icce marar nauyi da Ikwado ta fi kowace ƙasa fitarwa. A Nijeriya akwai obeche, iccen kurmin kudu mai laushi da farin jiki, wanda ake samu wurin masu sayar da katako. Da reza da gam da sanfefa za a iya tayar da rumfar tasha a 'yan kwanaki. Sai dai idan an gama, rumfar takan fito fes kamar yau aka gina ta, alhali wadda ake kwaikwayo ta sha rana da damina shekara da shekaru. A nan ne ake bukatar ilimin halittu.

Jikin katako ya ƙunshi zaruruwan seluloz, waɗanda wani sinadari mai suna liginin ya ɗaure su kamar yadda siminti ke riƙe yashi. Akwai wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wato altarabayolet, wanda ke farfasa liginin ɗin da ke saman katako. Idan damina ta sauka sai ruwa ya wanke abin da ya farfashe, ya bar zaruruwa a fili. Daga nan wasu ƙananan halittu dangin funfuna, masu duhun launi, su zauna a kansu. Haɗuwar farin zare da duhun funfuna ita ke ba tsohon katako launin toka. Da hunturu ya zo kuma katako ya bushe ya tsuke, damina ta dawo ya kumbura, har ya tsattsage bin tsawonsa.

Ana iya samar da wannan launi cikin awa guda ta hanyar da dukawa suka daɗe da sani. Baƙin rinin fata da ake kira kuloko yana aiki ne saboda ƙarfe na haɗuwa da tanin, sinadarin da ke cikin bagaruwar da majema suka jeme fatar da ita. Mai ƙera samfuri zai jiƙa soson ƙarfe a ruwan kal na kwana biyu ko uku, ba tare da ya toshe bakin kwalbar ba, domin akwai iskar da ke fita. Da yake obeche ba shi da tanin mai yawa, sai a fara shafa masa ruwan bagaruwa ko baƙin shayi, a bari ya bushe, sannan a bi da ruwan ƙarfen. Nan take zai fara komawa toka-toka. Wannan haɗuwar ce kuma ke jawo baƙin zane a ƙarƙashin ƙusa a jikin tsohuwar ƙofa. Kafin a shafa, ana karce falankin da buroshin waya bin zarensa, don a kwaikwayi zaizayar ruwa.

Tsufa ba ya kama gini bai ɗaya, kuma mai lura ne kaɗai ke gane haka. A ƙasar Hausa hadari yakan taso ne daga gabas, shi ya sa bangon gabas ya fi kowanne shan duka. Falankin da ke ƙarƙashin inuwar kwano yakan riƙe launinsa na asali. Gindin bango kuwa ja yake yi, saboda ruwan da ke zubowa daga rufi yana fallatsa masa jar ƙasar Kaduna. Ɗan garin wannan ƙasa da aka tankaɗe, aka goga da busasshen buroshi, ya wadatar. Haka nan dole a kiyaye awo ko a wajen ɓarna: hanyar gara mai faɗin santimita 1, idan aka rage ta sau 87, ba ta fi kaurin silin gashi ba. Wanda ya zana ta da kauri ya ɓata aikinsa.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ɗalibin da ya je tasha da tef ɗin awo da littafi, bayan ya nemi izinin ma'aikata, zai koyi lissafin rabo da ilimin sinadarai da rayuwar funfuna da gara a aiki guda. Makarantun sakandare da ke Kaduna ta kudu za su iya ɗaukar wannan a ƙungiyoyinsu na kimiyya da kuɗi kaɗan. Abin da ya kamata a fara da shi shi ne auna tsofaffin gine-ginen da ɗaukar hotonsu ta kowace fuska, tun suna tsaye.