Daminar Baudeta daga teku take farawa

Kowace shekara, da watan Mayu ya kama, tambaya ɗaya ce a bakin manoman Baudeta da ke gundumar Tasawa a jihar Maraɗi: a yi binne tun ƙasa na bushe, ko a jira ruwan shuka? Idan ruwan fari ya sauka sannan ya ɗauke na makonni, irin gero ya tafi a banza. Sau da yawa kuma kuɗin sabon iri daga 'yan uwa da ke ci-rani a Kano, Agadas ko Libiya yake fitowa.

Wani ɓangare na amsar yana can cikin teku. Iskar damina daga Tekun Atlantika take kwaso danshi zuwa Sahel. Idan ruwan Mashigin Gine ya yi ɗumi fiye da ƙima, hadari kan tsaya a kudu, arewa ta rasa. Ɗumamar Tekun Pasifik da ake kira El Niño ma kan rage ruwan Sahel, yayin da La Niña da ɗumin Bahar Rum kan ƙara shi. Da yake zafin teku ba ya sauyawa da sauri, masana na iya hango yanayin damina watanni kafin ta faɗi.

Bayan farin 1973 da na 1984 ne bincike ya tabbatar da wannan alaƙa. Tun 1998 masanan Afirka ta Yamma ke haɗuwa duk shekara domin fitar da hasashen. A yau cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai ne ke jagorantar taron, mai suna PRESASS, galibi a ƙarshen Afrilu.

A 2024 taron ya yi hasashen ruwa fiye da yadda aka saba. Haka kuwa aka yi: ambaliya ta halaka sama da mutum 300 a Nijar, kuma Maraɗi na cikin jihohin da suka fi shan wahala.

Sai dai hasashen yana magana ne kan yanki mai faɗi. Ba ya faɗin ranar da ruwa zai sauka a gonar wane, domin ana iya yin ruwa a Tasawa, Mayahi ta kwana a bushe. Amfaninsa shi ne zaɓen iri: gero mai saurin nuna irin HKP idan ana sa ran gajeriyar damina, da kauce wa shuka a kwari idan ana fargabar ambaliya. Wannan kuwa sai labarin ya isa ƙauye da Hausa, ta rediyo ko waya, kafin a zuba iri a ƙasa.