Motocin Gudu Na Manyan Mutane: Abin Da Ya Kamata Dillali Ya Sani Kafin Ya Taya

  Yau za mu ɗan ajiye zancen farashin hatsi da na yadi, mu taɓa wata haja da ba kowa ke saye ba, amma idan cinikinta ya faɗa la'adarsa takan riƙe gida wata da watanni, idan kuma ta yi kwantai takan karya jarin mutum. Watau motocin nan masu ƙofa huɗu na Jamus, waɗanda a ido kamar motar zuwa ofis suke, amma injinsu na tsere ne, irin su BMW M5 da Mercedes-AMG C63. Masu ƙera su sun sauya musu hali ƙwarai a 'yan shekarun nan. Abin da ya fito sabo a Jamus bana kuwa, nan da 'yan shekaru shi ne zai sauka Kwatano da Legas da sunan tokumbo, ya iso hannunku.

Bari mu fara da asali. A 1985 kamfanin BMW ya nuna M5 ta farko. Injinta mai fulogi shida ne, ƙarfin doki 286, nauyinta wajen kilo 1,430, giyarta ta hannu ce, da hannu kuma aka harhaɗa ta. A 1998 aka fito da mai fulogi takwas, ƙarfin doki 400, ita ma giyar hannu. A 2005 mai fulogi goma ta shiga kasuwa da ƙarfin doki 507. Daga 2011 aka koma fulogi takwas amma da turbo biyu, watau fankar nan da hayaƙin salansa ke juyawa tana cusa wa inji iska don ya ƙara ƙarfi. A 2017 aka mai da ita mai ja da ƙafa huɗu, aka kuma sallami kuloci da giyar hannu baki ɗaya. Sa'an nan a 2024 aka fito da wadda ke haɗa fetur da lantarki, tana da babban batir da ake yi wa caji a soket, ƙarfin doki 727.

Wanda ya ji lissafin nan zai ce ai ci gaba ne tsantsa. To, amma a ɗora ta a sikeli tukuna. Ta 2024 nauyinta kilo 2,435 ne, watau ta ɗara wadda ta gada da fiye da kilo 500, kamar a ce an loda mata buhun shinkafa goma masu kilo 50 ba a sauke ba har abada. Idan kuwa da ta 1985 za a gwada, buhu ashirin ke nan. Shi ya sa duk da ƙarin ƙarfin, daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a awa daƙiƙa 3.5 take ɗauka, alhali ta 2017 a 3.4 take kaiwa. Ƙarfin da aka ƙara, kaya ya cinye shi.

Na Marsandi ma ya fi ba da mamaki. C63 ta 2008 injinta mai fulogi takwas ne, lita 6.2, babu turbo, ƙarfin doki 457, rurinta kaɗai ya isa ya tara jama'a a bakin titi. A 2022 sai aka bayyana sabuwa mai fulogi huɗu kacal, lita 2, aka haɗa mata da injin lantarki a baya, jimillar ƙarfin doki 680. A takarda ta fi duk magabatanta. Amma nauyinta ya haura kilo 2,100, batirinta kuma kilomita 13 kawai yake kai ta in ba fetur. Masu sha'awar motar a Turai da Amurka suka yi ca, suka ce sunan ne dai C63, amma motar da suka sani ta tafi.

Me ya kai masu ƙera mota ga wannan? Doka ce. Tarayyar Turai ta yanka wa kowane kamfani iyakar hayaƙin da motocinsa za su fitar in an haɗa su an raba daidai. A 2021 iyakar gram 95 ce a kowace kilomita, wanda ya haura kuma tara ce ta yuro 95 a kan kowane gram, a kan kowace mota da ya sayar. Ku da kuka san lissafi, ku ninka wannan da mota dubu ɗari biyar ku gani. Motar da ke da batir mai caji kuwa, a wurin gwaji takan yi wani sashe na tafiyar da lantarki, sai adadin hayaƙinta ya faɗi a takarda. Saboda haka batir ya zama kamar takardar izini: ko a ɗauki nauyinsa a bar babban inji, kamar yadda BMW ya yi, ko a rage injin, kamar yadda Mercedes ya yi.

Gaskiya dai a faɗe ta, na'urorin zamani sun kawo alheri. Kwamfutar mota tana hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi, tana tare motar in za ta zame a kwana, abin da ya ceci rayuka masu yawa. Giyar da ke sauya kanta ta fi hannun kowane direba sauri. M5 ta 2024 tana iya yin fiye da kilomita 60 da lantarki zalla, shiru kamar ba ta tafiya. Alhajin da ke zama a kujerar baya yana amsa waya, direba na jan sa, wannan duk daɗi ne a gare shi.

Amma wanda ke sayen irin motar nan don sha'awar tuƙi, ba lissafin takarda yake biya ba. Yana biyan ƙarar inji a kunnensa, da yadda sitiyari ke gaya wa tafin hannunsa halin da titi ke ciki, da taka kuloci ya jefa giya da kansa a lokacin da ya so. Mai kiwon doki ya san wannan: ba gudu kaɗai ake nema ga ingarma ba, har da yadda yake jin linzami. To, tun daga M5 ta 2011, da turbo ya danne muryar inji, sai kamfanin ya koma ƙara wa direba ƙarar inji ta cikin lasifikan rediyon mota. Maɓallan da hannu ke lalubowa ba sai an duba ba, an kwashe da yawansu an zuba a allon taɓawa, sai mutum ya ɗauke ido daga hanya kafin ya rage sanyi. Har ma a 2022 BMW ya gwada karɓar kuɗin wata-wata a wasu ƙasashe kafin ya buɗe wa mai mota na'urar ɗumama kujera, alhali na'urar tana jikin motar da ya riga ya biya. Surutu ya yi yawa, a 2023 ya janye.

Kasuwa kuwa ba ta ɓoye abin da ke ran mai saye. A 2018 an yi gwanjon wata M5 ta 2002 a Amurka, wadda kusan ba a hau ta ba, ta tashi dala 176,000, fiye da ninki biyu na kuɗinta tana sabuwa. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana. Wasu kamfanonin ma sun lura da haka. Cadillac na Amurka ya fito da CT5-V Blackwing a 2021 da fulogi takwas da giyar hannu, ba batir mai caji, BMW kuma ya bar giyar hannu a ƙaramar 'yar'uwar M5, watau M3 da ya fitar a 2020.

To, ga abin da ya shafi aljihunku. Na farko, suna bai isa a yanka farashi ba. In an ce muku C63 ce, ku tambayi shekara, ku sa a buɗe gaba a ƙirga fulogi, domin mai neman takwas ba zai karɓi huɗu ba ko an rantse masa ta fi gudu. Na biyu, batir yana tsufa kamar na waya, zafin ƙasarmu kuma ba ya raga masa. Motar da ta shekara takwas ko goma a Turai kafin ta iso, batirinta ya riga ya ci rabonsa, in kuma ya mutu nauyinsa yana nan daram, ana ja ana ƙona fetur, ga fetur ɗin ba araha tun da aka cire tallafi a watan Mayu na 2023. Na uku, gyara. Kayan tsofaffin motocin Jamus akan dace da su a Ƙofar Ruwa ko Fanteka ta Kaduna, bakanike mai ƙwarewa kuma zai kwance ya ɗaura. Waɗannan sababbin sai an jona musu kwamfuta ta faɗi ciwon, wayoyinsu masu ruwan lemo kuma wuta ce ta ɗaruruwan bolt, tana iya kashe yaron gareji nan take. Kada ku bari wanda bai koya ba ya kai hannu.

Kada kuma a ɗauka duk tsohuwa ce ta ƙwarai. Mai fulogi goma ta 2005 ta yi suna wajen cin kuɗin gyara, musamman giyabos ɗinta, ga shan mai kamar rairayi. Wadda aka yi wa tuƙin ganganci a can, ko aka juya mata lambar kilomita, ba ta da wata daraja don kawai ta tsufa. A nemi takardun sabis, a tayar da ita da sanyin safiya a saurara, a hau ta a titi kafin a ce albarka ko a sallama.

Shawararmu ita ce, dillali ya san mai sayensa kafin ya sa kuɗi. In attajiri ne mai direba, mai janareta ko sola a gida, mai halin aikawa a kawo masa kayan gyara daga waje, sabuwar za ta yi masa. In kuwa mai son tuƙi ne da kansa, to tsohuwar hannu mai lafiya yake nema, kuma zai biya ba tare da dogon ciniki ba. Kada dai a ci bashi a sayo mai batir a girke ta a fili ana jiran tsammani, rana na dukanta, batir na lalacewa, kuɗin mutane na kwance.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mu da asara da rikicin bashi, amin.