Zarton Ado: Sana'ar Zaune Ga Dattijon Da Ya Ajiye Aiki

Kafintan da muka sani mutum ne mai aikin ƙarfi. Yana ɗaga falanki, yana jan zarto har gumi ya jiƙa masa riga, yana hawa rufi da guduma a ƙugu. Shi ya sa idan mutum ya haura sittin ya ce zai fara koyon aikin katako, 'ya'yansa kan ce, "Haba Baba, ka huta mana." Sai dai akwai wani reshe na wannan sana'a da a zaune ake yin sa, kuma abin da yake nema shi ne ido da haƙuri da hannun da ba ya gaggawa. Shi ne yankan ado da ɗan injin zarto mai siririn tsinke, wanda ake fitar da haruffa da furanni da tagogi ƙanana a jikin katako da shi.

Wanda ya taɓa zama kusa da tela zai gane injin nan da kallo ɗaya, domin aikinsa irin na keken ɗinki ne. Akwai faranti na ƙarfe da ake ɗora katako a kai, akwai hannuwa biyu, na sama da na ƙasa, sun riƙe tsinken zarto mai tsawon inci 5, yana hawa yana sauka ta wata 'yar kafa a tsakiyar farantin. Tsinken yana nan wuri ɗaya. Mai aiki ne ke juya katakon da yatsunsa, yana bin layin zanen da ya manna. Kaurin katakon da yake iya ci bai wuce inci 2 ba, kuma yawancin aikin ma a ƙasa da inci ɗaya ake yin sa.

Sana'ar tana da tarihi a ƙasashen Turai da Amurka. A shekarun 1760 wani mai zana taswira a Landan, John Spilsbury, ya riƙa manna taswira a kan katako yana yanka ta ƙasa-ƙasa don yara su harhaɗa su koyi labarin ƙasa. A shekarun 1870 kamfanin Barnes da ke Rockford a jihar Illinois ya yi suna da injinan zarto da ake tuƙawa da ƙafa. A Ingila kuwa, kamfanin Hobbies na garin Dereham ya fara fitar da mujalla ta mako-mako a 1895, ɗauke da zanen da mutum zai yanka a gida. Yau a waɗannan ƙasashe, da yawa daga masu riƙe da aikin 'yan fansho ne. A Ostareliya ma tun shekarun 1990 aka fara buɗe rumfuna inda dattawa maza ke haɗuwa su yi aikin katako su yi hira, kuma abin ya bazu zuwa Ayalan da Ingila. Wannan ya burge ni ƙwarai, domin zaman kaɗaici bayan ajiye aiki yana cin mutum fiye da yadda ake faɗa.

Aikin daga katako yake farawa, kuma a nan mai zarton ado ya yi sa'a, domin abin da kafinta ya zubar shi ne jarinsa. Guntun da ya rage daga ƙofa ko gado ya ishe shi yin allon suna ko lambar gida. Sharaɗi biyu ne kawai: katakon ya bushe, kuma ya kwanta sumul a kan faranti. Ɗanyen katako yana lanƙwashewa bayan an gama wahala, wanda ya karkace kuma yana tsalle a ƙarƙashin hannu ya karya tsinke. Masu sana'ar a Turai da Amurka sun fi son filawud na itacen birch, mai kaurin milimita 3 zuwa 6, saboda ba shi da rami a cikinsa. Filawud mai araha kan ɓoye ramuka tsakanin shimfiɗunsa, sai mutum ya kai rabin aiki gefe ya ɓare. A wajenmu, wanda ya shiga 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano ko kasuwar Katako ta Yamai zai samu farin katako mai laushi na koyo, da malaina, da maɗaci mai jan launi don aikin da za a sayar. Loko yana da kyau da ƙarko, amma ƙurarsa tana damun fata da ƙirji, gara mai farawa ya dakata da shi.

Bayan an goge fuskar katako da sanfefa, sai a manna takardar zane. Ƙwararru kan fara shimfiɗa salatif a ƙasa don takardar ta ɓanɓaru cikin sauƙi, wasu kuma su rufe saman da farin salatif mai sheƙi, domin yana rage ƙonewar katako a bakin yanka. Daga nan sai huda. Duk wani gurbi da za a cire daga cikin zanen sai an huda masa ƙaramar kafa da injin huda. Sannan a kwance kan tsinke, a zura shi ta kafar, a sake ɗaure shi, a tamke, a yanke gurbin, a sake kwancewa, a koma na gaba. Ka ɗauki dagin Arewa, ka ƙirga gurabun da ke tsakanin igiyoyinsa: kowane ɗaya zura ce da ɗauri. Hoton da ke da gurbi ɗari, sau ɗari za a yi wannan. Ana fara yanke na ciki, a bar gefen waje a ƙarshe don katakon ya riƙe ƙarfinsa.

A nan ne amsar tambayar wane inji za a saya take. Mai shago zai yi maka maganar ƙarfin mota da girman faranti. Ni kuwa abin da zan ce dattijo ya fara dubawa shi ne yadda ake sa tsinke da cire shi. Idan sai an durƙusa an leƙa ƙarƙashin faranti da ɗan mabuɗi, ana lalube da yatsun da sanyin ƙashi ya fara taɓawa, to injin zai koma kusurwar ɗaki cikin wata guda, komai arharsa. A nemi wanda ake matse tsinkensa da hannu ba tare da mabuɗi ba, wanda sandar tamkewarsa take gaba kusa da mai aiki, ba can baya ba. Idan da hali, a gwada a shago: a cire tsinken a mayar sau uku da tabarau a ido. Hannu zai faɗi gaskiya.

Tsinken kansa iri biyu ne. Akwai mai fil a kowane kai, wanda ake rataya shi kawai. Yana da sauƙin sawa, amma yana da kauri, kuma sai an huda masa kafa mai faɗin kusan milimita 5 kafin ya shiga, ke nan ba ya yin aiki mai laushi. Akwai marar fil, wanda ake matsewa, yana shiga kafar da ba ta kai milimita 2 ba, kuma da shi ake duk wani aikin ado na gaske. Injin da mai fil kaɗai yake karɓa, a bar shi a shago. Lambobin tsinke suna tashi daga sirara kamar 2/0 har zuwa 12. Mai koyo ya riƙe lamba 5 da 7, sun ishe shi watanni. Akwai kuma wanda 'yan haƙoransa na ƙasa suke kallon sama, shi yana hana bayan katako yin gashi, ya rage wahalar guga.

Abu na biyu da za a duba a inji shi ne girgiza. Injin da ke rawa a kan teburi yana sa layi ya riƙa ninkuwa a ido, yana gajiyar da wuyan hannu. Masu araha ba su da nauyi, don haka sun fi rawa, amma akwai magani: a ɗaure inji da noti a kan benci mai nauyi, a sa roba ko guntun darduma a ƙarƙashinsa. Na uku, ya zama ana iya rage masa gudu. Yawancinsu suna yin daga bugu 400 zuwa kimanin 1,600 a minti, kuma mai koyo a hankali zai fara. Zurfin wuya, wato tazarar da ke tsakanin tsinke da bayan inji, inci 16 ya wadatar. Ba kasafai mai farawa ke juya allon da ya fi haka ba.

Kuɗi fa? A Amurka, masu inci 16 irin na kamfanin WEN ba su kai dala 200 ba, kuma akwai samfurinsu mai karɓar tsinke iri biyun. DeWalt DW788 mai inci 20, wanda hannunsa na sama ke ɗaguwa don a zura tsinke cikin sauƙi, kuma makunnansa duk suna gaba, a baya yana kaiwa wajen dala 500. Hegner na Jamus yana haura dala 1,000. Na Pegas da Excalibur kansu ne ke karkata, faranti ya tsaya daidai, abin da ke da daɗi ga mai aiki a zaune, sai dai su ma ba na ƙaramin aljihu ba ne. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma da gaskiyarsu, domin bambancin mai tsada da mai araha hannu yana jin sa. Duk da haka ban ga dalilin da mutum zai zuba garatutinsa a kan sana'ar da bai tabbatar yana so ba. Mai araha mai karɓar tsinke marar fil zai koya masa duk abin da ake koya. Ko kafin wannan ma, akwai zarton hannu mai dogon baka, da ɗan allo mai tsaga a baki da ake ɗaurewa a gefen teburi. Da shi aka yi aikin nan shekaru aru-aru kafin wuta, kuma kuɗinsa kaɗan ne.

Wanda zai sayi inji na hannu, wato wanda aka taɓa amfani da shi, ko ɗansa zai aiko masa daga waje, ya kula da abu ɗaya da ke ƙona injina: wutar Amurka bolt 120 ce, ta Nijeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230. Injin Amurka sai da taransifoma mai rage wuta. Na Turai, irin su Scheppach da Einhell da Proxxon, wutarsu ɗaya da tamu. Abin farin ciki, ƙananan ba sa cin wuta, wasu wat 120 ne kacal, ƙaramin janareta ko sola ta gida za ta ja su. Idan na hannu ne, a kunna shi a saurara, a girgiza hannun sama a ji ko yana lilo gefe da gefe, a duba ko zaren notin matse tsinke bai cinye ba. Sannan kada a biya kuɗi sai an san inda za a riƙa samun tsinke, domin inji ba tsinke ƙarfe ne kawai.

Tsinke shi ne kuɗin yau da kullum na sana'ar. Dozin-dozin ake sayar da shi, Olson da Pegas da Flying Dutchman na cikin sanannu, kuma yana dakushewa da wuri; a katako mai tauri, wani ba ya rabin sa'a. Mai koyo zai karya da yawa, ko don ya tura katako da ƙarfi, ko don bai tamke ba. Haƙora ƙasa suke kallo, kuma tsinken da aka tamke daidai yana yin ƙara siririya idan aka taɓa shi da farce. Mai koyo zai kuma lura yankan yana ɗan jan gefe ɗaya. Haka yawancin tsinke suke daga masana'anta, sai a ɗan karkata katakon a bi shi.

Wahalar da ba a gani ita ce ƙura. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa cutar, kuma ƙurar wannan aiki laushi gare ta, fuska kuma tana kusa. Takunkumi mai kyau wajibi ne, haka iska mai ratsa wurin aiki, balle ga mai asma ko tsohon tari. Sai fitila mai haske da gilashin ƙara girma, da kujera mai tsayin da ba za a sunkuya ba, da makunnin ƙafa don hannu biyu su zauna a kan katako. Kuɗin waɗannan a ware shi tun kafin a sayi injin. Ta fuskar rauni, yana cikin zartunan wuta mafi sauƙin haɗari, amma yana yanka yatsa.

Idan an gama yanka, sai a ɓare takarda, a goge gurabu da siraran sanfefa, a shafa mai ko banish, a bar shi ya bushe inda ƙura ba ta kai. Daga nan sai kasuwa, kuma gara a faɗi gaskiya: aikin yana cin lokaci, ribarsa ba ta da yawa. Ko a Amurka da Ingila, da yawa daga masu kai kayansu bajekoli kuɗin katako da tsinke suke mayarwa da ɗan abin da ya hau. Ga kuma injinan laser da kwamfuta ke sarrafawa, suna fitar da ɗari kafin hannu ya fitar da ɗaya. Inda mai zarton ado ke cin abinci shi ne aikin oda: sunan amarya da ango, sunan jariri, allon shago, haruffan boko da na ajami don makarantun yara, agogon bango, kayan wasa masu kauri da laser ƙarami ba ya iya ci ba tare da ƙona gefe ba. Dabarar da ke ƙara riba ita ce a jera filawud sirara uku ko huɗu, a ɗaure su da salatif, a yanke su lokaci ɗaya. Wajen sa farashi kuma a lissafa katako da tsinke da mai da banish, sannan a sa sa'o'in da aka zauna, domin su ne masu farawa ke mantawa, su sayar da aikin yini a kuɗin awa ɗaya.

Saboda haka, Baba, idan ranka ya kwanta da wannan aiki, nemi mai inci 16, mai rage gudu, mai karɓar tsinke marar fil, mai wuta irin ta gidanka. Ɗaure shi a benci mai nauyi, sayi tsinke dozin uku da takunkumi, ka je wurin kafintan unguwa ka roƙi guntayen katako. Ku kuma 'ya'ya, idan ya nemi ku taimaka masa da kuɗin injin, ku taimaka masa.