Mai Gyaran Tarihin Makaɗa

Daga 1981 zuwa 1985 akwai wani dattijo Ba'amurke baƙar fata da ya zauna a Zariya, yana aikin bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Yusef Lateef sunansa. A ƙasarsu babban mabushi ne kuma mai tsara kiɗa, wanda ya shiga ƙungiyar Dizzy Gillespie tun 1949, ya kuma yi aiki da Cannonball Adderley a farkon shekarun 1960. Yana da shekara sittin ya iso Zariya, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne sarewa, wadda Fulani makiyaya ke busawa a bayan shanu. A 1983 ya naɗi faifai a Legas tare da makaɗan ƙasar nan, aka fitar da shi a 1985 da sunan In Nigeria. A 1987 kuma littafin da suka rubuta shi da Ziky Kofoworola, Hausa Performing Arts and Music, ya fito. Duk da haka, in ka duba yawancin taƙaitattun tarihinsa da ke yawo, za ka tarar an baje bayani a kan Detroit da New York, shekara huɗun Zazzau kuwa an tsallake su da layi ɗaya ko biyu.

Cike irin wannan giɓi sana'a ce, ko da yake ba ta da rumfa a kasuwa. Masu yin ta su ne masu gyaran muƙalu a Wikipedia, kundin ilimin nan na intanet da kowa ke iya sa hannu a ciki. Na san ɗaya daga cikinsu, malamin makaranta ne a Gude ta ƙaramar hukumar Kabo, kuma tarihin makaɗa da mawaƙa ya ɗauka a matsayin fanninsa. Kayan aikinsa ba su da yawa: waya, littafin rubutu mai bangon kwali, jan biro, sai data idan ta samu. Ba a biyan sa ko sisi. Wani lokaci akan shirya gasar rubutu a ba da ɗan tukuici, amma wanda ya shigo don wannan ba ya daɗewa. Na kira ta sana'a ne saboda tana da ƙa'ida, tana da koyo a hannun na gaba, kuma aikin gwani da na ɗan koyo ba sa ɓuya.

Bayan sallar isha'i yake zama. Farkon aikinsa karatu ne, kuma ba karatun jin daɗi ba. Kowace jimla ya karanta sai ya tambaye ta: wa ya ce? A ina aka rubuta? In babu amsa, sai ya kwafe ta cikin littafinsa ya ja mata jan layi. Da ya ɗauki tarihin Lateef, tun a sunan mutumin ya fara cin karo da tarko. An haife shi ranar 9 ga Oktoba 1920 a Chattanooga ta jihar Tennessee da suna William Emanuel Huddleston. Bayan iyalinsu sun koma Detroit sai mahaifinsa ya sauya sunan gidan zuwa Evans, don haka ya fara sana'a a matsayin William Evans, wato Bill Evans a taƙaice. To akwai wani Bill Evans daban, farar fata, shahararren makaɗin fiyano, wanda aka haifa a 1929. Mai gaggawa sai ya haɗe biyun, ya jingina wa wannan faifan wancan.

Sai batun shekaru. Wasu majiyoyi sun ce ya musulunta a 1948, wasu kuma sun kai abin wajen 1950. Ɗan koyo zai zaɓi wadda ta fara zuwa masa a waya. Malamin ya ce shi ba alƙali ba ne, duka biyun zai rubuta, kowace da madogararta, mai karatu ya san akwai saɓani. Kyautar Grammy kuma wani abu ne daban: faifan da ya ciyo ta, Yusef Lateef's Little Symphony, a 1987 ya fito, amma a farkon 1988 aka yi bikin ba da ita. A nan babu saɓani, rashin lura ne kawai ke sa a ga shekaru biyu, kuma jimla ɗaya ta isa ta raba gardamar. Sanin bambancin waɗannan biyun, inda majiyoyi suka saɓa da inda aka yi sakaci, shi ne rabin gwanintar.

Akwai wuraren da ba ido kaɗai ake buƙata ba, har da riƙe zuciya. Ta hanyar Ahmadiyya Lateef ya shiga Musulunci, kuma a cikinta ya zauna har ya rasu ranar 23 ga Disamba 2013 a jihar Massachusetts. Marubuci Bakano yana iya jin kamar ya share wannan, ko kuma ya tsaya ya yi wa'azi a kai. Ƙa'idar sana'ar ta hana duka biyun: a faɗi abin da ya faru, a wuce. Haka nan mutumin da duniya ta sani da kiɗan jaz, har hukumar fasaha ta Amurka ta karrama shi a 2010 a matsayin ɗaya daga cikin manyan gwanayensa, shi da kansa ya ƙi wannan suna ƙememe, yana ganin akwai raini a cikinsa, ya ƙirƙiro wa kiɗansa wani suna da ke nufin abin da ke fitowa daga jikin mutum da hankalinsa da ruhinsa. Mai gyara ba zai iya cire jaz daga tarihin ba, domin da shi majiyoyi suka san shi. Ba zai kuma yi kamar bai ji ƙorafin mai suna ba. Dole ya ba kowanne wurinsa.

Abin da ya fi wahalar da Bahaushe a wannan aiki shi ne tuɓe kirari. Mun taso ne a inda ba a ambaton makaɗi sai da take, ba a ambaton gwani sai an ce ba a taɓa yin kamarsa ba. Shi kansa makaɗin da yabo yake ci. Sai ga sana'ar da ke cewa a cire "fasihi", a cire "wanda babu kamarsa", a bar abin da za a iya nunawa da yatsa: ya yi waƙa kaza, a wuri kaza, wa wane. Malamin ya kwatanta abin da tsintar wake, wai tsakuwar da ta fi kama da wake ita ce mai karya haƙori. Jimlar yabo da ta yi shigar gaskiya ta fi ƙarya tsagwaronta wuyar ganewa. Ni dai ina ganin a nan ne sana'ar ta fi amfani, domin tarihin mawaƙanmu ya cika da almara. Kowa yana da labarin aljanin da ya ba wane murya, amma da wuya a sami wanda zai iya faɗin sunayen 'yan amshinsa.

Akwai kuma sharar da na'urar fassara ke bari. Wasu kan kwaso muƙala daga Turanci su zuba wa na'ura, su liƙa abin da ta amayo ba tare da sun karanta ba. Sai ka ga an ce mutum ya yi wasa da sarewa, alhali busa ta yake yi. Irin wannan ba ya gyaruwa da faci, sai an rushe an sake gini.

To amma duk wannan mai sauƙi ne, domin Lateef takarda ta bi shi duk inda ya sa ƙafa. Ya yi digirin digirgir a fannin ilimi a Jami'ar Massachusetts a 1975. Ya rubuta tarihin kansa, The Gentle Giant, tare da Herb Boyd, aka buga a 2006. Faya-fayansa suna ɗauke da ranar naɗi da sunan kowane makaɗi a bango. Manyan jaridu sun rubuta ta'aziyyarsa. Ko giɓin Zariya ma ana iya cike shi, sai dai a sha wahalar nemo littafin 1987 a ɗakin karatun jami'a. Gizo yana saƙa ne a wajen mutanen da Lateef ya zo koyo a hannunsu.

Ɗauki Alhaji Mamman Shata, wanda babu Bahaushen da bai san muryarsa ba. An san ya rasu ranar 18 ga Yuni 1999, aka binne shi a Daura. An san Musawa ce mahaifarsa, kuma 1923 aka fi yarda da ita a matsayin shekarar haihuwarsa. Amma abin da ya sa mai gyara ke iya rubuta tarihin Shata da ƙwarin gwiwa shi ne wasu sun riga sun yi wahalar. Dandatti Abdulkadir ya yi digirinsa na uku a kansa a Amurka tun 1975. Ibrahim Sheme da Yusuf Tijjani Albasu da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Ali Malami sun bi garuruwa da tsofaffi har suka fitar da Shata Ikon Allah a 2006. A Jami'ar Bayero kuwa, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu, a Makaɗa da Mawaƙan Hausa da kuma jerin Diwanin Waƙoƙin Baka. Su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos da Barmani Choge duk suna da inda za a dafa. Daga nan ƙasa kuma sai duhu ya fara.

Wata rana na raka malamin wajen wani tsohon makaɗin gangar noma a wani ƙauye kusa da su. Mun tarar da shi a zaure, gangar na rataye a bango, fatar gefe ɗaya ta tsage an ɗinke ta da zaren buhu. Bayan gaisuwa malamin ya ajiye waya a kan tabarma tana naɗa.

"Baba, a wace shekara aka haife ku?"

Tsohon ya yi dariya. "Malam, wa ya rubuta? Uwata dai ta ce da kaka ne, ana yankan gero."

"To lokacin da aka yi canjin hannu fa, Baba, kuna da girma?"

"Ina da mata da ɗa guda. Ai da aka yi canjin kuɗi ma ni nake riƙe da gangar nan, babana ya riga ya ajiye."

Malamin ya rubuta: canjin hannu 1972, canjin kuɗi 1973. Haka ake kama shekarun mutanenmu, da turakun da kowa ya sani: zuwan Sarauniya a 1956, hawan Sarki Ado Bayero a 1963, kisan Sardauna a Janairun 1966. Daga nan sai a lissafa baya, a ce an haife shi wajajen kaza, kuma kalmar "wajajen" ba a jefar da ita don son tsabtar rubutu. Tsohon ya lissafa masa gayyar da ya kaɗa, da sarakunan noma da ya yi wa take, da yadda kiɗan huɗa ya bambanta da na komawa gida da yamma. Ya nuna masa inda ake danna fata da hannun hagu don sauya murya. Babu ko ɗaya daga cikin wannan da ke cikin wani littafi.

Kuma babu ko ɗaya da zai iya shiga kundin. Dokar Wikipedia ita ce ba a sa binciken da mutum ya yi da kansa, sai abin da aka riga aka wallafa a majiya amintacciya. Akwai kuma sharaɗin shahara: wanda majiyoyi masu zaman kansu ba su yi magana a kansa ba, ana iya goge muƙalarsa. Dokar tana da hujja. Ba don ita ba, da kowa ya rubuta kakansa a matsayin sarkin makaɗan duniya. Amma an yanka ta ne daidai jikin al'ummar da ke rubuta komai, kuma a wajenmu sakamakonta shi ne Ba'amurken da ya zo nazarin sarewa yana da shafi, masu sarewar da ya zauna a gabansu ba su da shi. Na taɓa ce wa malamin ya sa kawai, wa zai sani? Ya ce shi zai sani, kuma ranar da aka kama ɗaya, sauran aikinsa duka ya zama abin tuhuma.

Shi ya sa sana'ar ta rabu gida biyu a hannunsa, ko da bai shirya hakan ba. Da dare mai gyara ne, yana bin doka sau da ƙafa. Ranar da babu makaranta kuma mai samar da madogara ne. Yana neman tsofaffin kaset a wajen masu sayarwa, ko da yake yawancinsu babu kwanan wata, wani lokaci ma sunan da ke bango ba na mai waƙar ba ne. Masu tura waƙa a memori sun ƙara dagula lissafi, domin kowa da sunan da yake laƙaba wa waƙa. Yana tambayar abin da ya rage a taskar Rediyon Kaduna da na Kano, da tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian da mujallar Fim. Kundayen kammala digiri da ɗaliban Hausa suka rubuta a kan makaɗan garuruwansu suna nan jibge a sassan jami'o'i da kwalejojin ilimi. Na digirin farko ba a cika karɓar su a matsayin hujja ba, amma suna nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Hoto ma sai ya ɗauka da kansa da izinin mai shi, domin wanda aka tsinto a Facebook yana da mai haƙƙi, kuma za a cire shi.

Hirar tsohon makaɗin ya mayar da ita rubutu, kalma bayan kalma, da ranar da aka yi ta da sunan ƙauyen. Ya kai masa ya karanta masa, tsohon ya gyara sunan wani sarkin noma da aka ji ba daidai ba. Kwafi ɗaya ya ba wani ɗalibin Hausa ɗan yankin da ke neman abin da zai yi bincike a kai, ɗaya kuma yana shirin aika wa wata jaridar Hausa. In aka buga, doka ta ba da dama a kafa hujja da ita, amma ya ce ya fi so wani edita daban ya rubuta muƙalar, kada a ce shi ya yi kiɗa shi ya yi rawa.