Man bwatin mota otomatik: yadda ake canja shi a gida

A wannan shafi mun saba zancen gero da wake da lafiyar yara. Yau zancen mota za mu yi, kuma ba mu kauce hanya ba. A Falanko mota ce ke kai buhun hatsi kasuwa. Ita ce kuma ke ɗaukar mace mai doguwar naƙuda zuwa likita a Tanut ko Damagaram.

Wata rana da bazara, muna zagayen cibiyoyin yaƙi da jahilci, muka iske wata mota tsaye cikin rairayi. Injin yana ta kuka, amma ƙafafu ba sa juyawa. A ciki akwai wani tsoho marar lafiya. Mai motar ya rantse yana yi wa injin bidanji a kan kari, kuma gaskiya ya faɗa. Da aka zaro ma'aunin man bwati, sai ga mai baƙi ƙirin yana warin ƙauri. Tun da ya sayi motar ba a taɓa duba shi ba. A amalanken jaki aka ƙarasa da tsohon.

Motarsa mai feda biyu ce, wadda ake kira otomatik, domin ita ke canja bites da kanta. Irinta sun yawaita cikin tsofaffin motocin da ake shigo da su daga waje. A cikin bwatinta, mai ne ke ɗauko ƙarfin injin ya kai shi ga ƙafafu. Shi ke matse fayafayan da ke canja bites, shi ke sanyaya su. Sabo ja ne garau, ba shi da kauri. Babban abokin gabansa zafi ne. A kan kwaltar Damagaram zuwa Agadas zafinsa yakan tsaya wajen digiri 80. Amma idan mota ta baro kwalta da lodi, ta shiga rairayin Damargu, tana kafewa ana taka mata wuta, sai man ya ƙone a hankali. Saboda haka a ganinmu kada mai mota a nan ya wuce kilomita 40.000 zuwa 60.000 bai canja shi ba. Idan littafin motar yana nan, a duba abin da ya ce game da hanya mai wuya, domin tamu ke nan.

Kafin a taɓa kile, a sayi man da ya dace. A nan ne karatu ke rana. Man inji ba ya aiki a bwatin otomatik, man bwatin mota mai feda uku ma haka. Ko jan man kansa iri-iri ne. Akwai Dexron, wanda tsofaffin motoci da yawa ke sha. Kamfanin Toyota yana da T-IV da kuma WS, kuma ba a musanya su. Motar da aka rubuta mata CVT manta daban ne ɗungum. Sau da yawa sunan man yana rubuce a kan hannun ma'aunin. A kwafe haruffan a takarda, a je da ita shago, a gwama da na jikin galan. A sayi galan mai hatimi. Man da ake awonsa a kwalba a bakin hanya, ba wanda ya san asalinsa.

A zaɓi safiyar da babu iska, domin ƙwayar rairayi tana iya toshe ƙananan hanyoyin mai. A ɗan zagaya da motar man ya yi ɗumi, a tsayar da ita a shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri, a sa bites a harafin P, a ja birkin hannu, a kashe injin. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da kirik kaɗai ya ɗaga. A ƙasarmu kirik yakan nutse ba sallama. A tokare da kututture mai ƙarfi, a kuma dasa duwatsu a ƙafafun da ke ƙasa.

A ƙarƙashin mota akwai noti biyu na zubar da mai, ɗaya na inji, ɗaya na bwati. An sha rikita su. Idan an kwance aka ga mai kauri baƙi kamar na bidanji, a mayar da sauri a sake dubawa. A tara tsohon kwano, a kwance notin a hankali, a kiyayi hannu. Idan ya gama tsiyaya a goge notin, a sa masa sabon zobe, a ɗaure ba da ƙarfin tsiya ba.

To, ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Bwatin ƙaramar mota kamar Corolla yana cin wajen lita 7, amma abin da zai fito ba ya wuce lita 3 ko 4. Sauran yana maƙale a ciki. Wanda ya juye lita 7 ya yi ɓarna, domin man da ya yi yawa kumfa yake yi, kuma kumfa ba ta matse fayafayai. Dabarar ita ce a auna abin da ya fito da kwalbar lita, a zuba sabo daidai da shi ta bututun ma'aunin, da mazurari mai tsabta. Idan tsohon man ya yi duhu sosai, a maimaita aikin bayan tafiyar mako ɗaya ko biyu. Da haka sabo ke rinjayar tsoho.

Daga nan a tada injin. A taka birki, a bi da bites ta R da N da D, ana ɗan dakatawa a kowanne, a dawo P. A yi tafiyar kamar minti 15, a tsaya injin yana aiki, a zaro ma'aunin, a goge da ƙyalle marar gashi, a mayar, a sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomin da aka rubuta HOT, wato da zafi. Yawancin motocin Honda kuwa sai an kashe injin ake aunawa nan take. A leƙa ƙarƙashi ko akwai yoyo, sannan a rubuta ranar da lambar kilomita a littafi.

Ba kowane aiki ne na gida ba. Sababbin motoci da dama ba su da ma'auni ko kaɗan, sai makaniken da ke da kayan aiki. Idan man ya fito kamar an dama shi da nono, ruwan sanyaya inji ne ya shige shi. Idan akwai ɓarɓashin ƙarfe a kwano, ko mota ta riga ta fara zamewa, sabon mai ba zai warkar da ita ba. A nufi garaji tun tana iya tafiya, domin otomatik ba ta tashi da turi.

Saura tsohon man. Kada a zubar da shi kusa da rijiya ko tabki ko a gona, ƙasa tana shan sa ta kai shi ga ruwa. Mun ga masu shafa shi a ƙazuwar raƙumi da gyambon jaki. Ba magani ba ne, dabba kuma takan lashe shi. A nemi ma'aikacin kiwo. Galan ɗin da ya taɓa ɗaukar wannan mai ba ya komawa na ruwan sha ko na man gyaɗa, ko an wanke shi da toka. Jan man nan kuma ya yi kama da ruwan zoɓo, don haka kada a zuba shi a kwalbar lemo inda yara ke wasa. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, domin man yana iya shiga huhunsa. A kai shi likita tare da kwalbar. Tsohon man a rufe shi a galan, a rubuta sunansa a jiki da manyan haruffa, a miƙa shi garaji ranar da aka shiga Tanut.